Daga Kyandir Zuwa Tocilar Goshi: Tarihin Kayan Masu Shiga Ƙarƙashin Birnin Faris

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda data ba ta barin su saurari murya, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu in dare ya yi kowa ya kwanta.

Kwanakin nan saƙonni sun yi yawa a kan irin bidiyon nan da ke yawo, na samarin Turawa masu shiga tsofaffin masana'antu, asibitocin da aka rufe, da ramukan ƙarƙashin ƙasa. Tambayar da aka fi yi min ita ce: wai me suke ɗauka a cikin jakar nan ta bayansu? Wani ma cewa ya yi in rubuto masa jerin kayan, zai saya. To ni dai tarihi na sani, don haka da tarihi zan amsa. Za mu je Faris, babban birnin Faransa, domin a can wannan ɗabi'a ta daɗe ƙwarai, a can kuma aka biya kuɗin darasin da rayuka. Abin da na fahimta bayan dogon karatu shi ne, duk wani kaya mai amfani da ke cikin jakar nan, saboda fitowa aka sa shi. Shiga kam ko da silifas ana shiga.

Na san haka ne da ƙafata. Shekarun baya, ni da wani abokina muka shiga wani tsohon sito na masana'antar da ta daɗe da mutuwa a bayan unguwarmu, wajen la'asar sakaliya. Kayanmu gaba ɗaya wayata ce guda, ita ce tocila, ita ce kyamara. Mun wuce ɗaki na uku ke nan inda babu taga, abokina ya ce, "Kai, cajinka nawa?" Na duba na ce goma sha ɗaya. Ya ce mu juya. Na ce bari in ɗauki wancan injin tukuna. Ku riƙe labarin a nan, zan ƙarasa shi a ƙarshe. Yanzu mu tafi Faris.

Abu na farko da za ku sani: wani babban ɓangare na birnin nan a kan rami yake zaune. Farin dutsen da aka gina tsofaffin majami'u da fadoji da shi, daga ƙarƙashin garin aka haƙo shi. Tun wajen ƙarni na 12 da na 13 mahaƙa suka daina tsayawa a sama, suka riƙa bin dutsen ta ƙasa, suna barin ramuka a bayansu. A lokacin wuraren bayan gari ne. Gari ya yi ta girma har ya hau kansu, jikoki suka gina gidaje a kan ramukan da kakanni suka haƙa, kowa ya manta.

A watan Disamba na 1774 ƙasa ta tuna musu. Wani titi da ake kira Rue d'Enfer, wato Titin Jahannama, sunansa ke nan tun kafin abin ya faru, ya rufta da gine-ginen da ke kansa. Hankalin hukuma ya tashi, har a ranar 4 ga Afrilu 1777 Sarki Louis na 16 ya kafa hukumar duba ramukan haƙar dutse, aka ɗora wani masanin gini mai suna Charles-Axel Guillaumot a kanta. Aikinsu su bi ramukan, su zana su a takarda, su gina ginshiƙan da za su tokare titunan sama. Hukumar tana nan har yau.

Ku lura da wani abu da suka yi. Duk bangon da suka gina, sai su sassaƙa lamba, da harafin farko na sunan shugaban aikin, da shekara. Sannan suka riƙa rubuta sunan titin da ke sama a jikin bangon ramin da ke ƙasa. Ke nan kayan tsira na farko da aka tanada a wurin nan ba a jaka ake ɗaukarsa ba, a jikin bango yake: alamar da za ta gaya maka inda kake. Sai dai alamar bango ba ta da amfani ga wanda ba shi da hasken karanta ta, kuma nan ne labarinmu zai ɗaure.

Kafin nan, maganar ƙasusuwa, don na san ita kuke jira. Maƙabartun tsakiyar Faris sun cika sun batse, musamman wadda ake kira ta Innocents, har aka rufe ta a 1780. Daga 1786 aka fara kwashe ƙasusuwan matattu cikin dare a keken doki ana zubawa a wani sashe na ramukan. An ƙiyasta ƙasusuwan mutum wajen miliyan 6 ne a wurin. Shi ne ake kira Katakom, kuma yau ana sayen tikiti a shiga: ka sauka matakala 131, zurfin mita 20, ka yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi, ka hau matakala 112 ka fito. Wannan shi ne ɗan abin da aka buɗe wa jama'a. Ragowar hanyoyin da ke ƙarƙashin birnin sun kusa kilomita 300, wato sun fi nisan Kano zuwa Kaduna, babu lantarki, babu mai gadi, kuma sanyin wurin yana nan wajen digiri 14 rani da damina.

To a ranar 3 ga Nuwamba 1793, ana tsakiyar juyin juya halin Faransa, wani mutum mai suna Philibert Aspairt, mai gadin ƙofa a asibitin Val-de-Grâce, ya bi wata matakala da ke harabar asibitin ya sauka. Ana cewa wai rumbun giyar wasu malaman coci da ke kusa yake nema. Ko ma mene ne, bai fito ba. Sai bayan shekara 11, a 1804, ma'aikatan hukumar nan suka tsinci ƙasusuwansa. Labarin da ake bayarwa shi ne da tarin makullan asibiti da ke ɗamararsa aka gane shi, kuma inda ya faɗi ba shi da nisa da wata mafita. A nan inda aka same shi aka binne shi ranar 30 ga Afrilu 1804, aka kafa dutse da sunansa. Dutsen yana nan, masu shiga ramin suna tsayawa a wurin su kunna masa kyandir.

Mu buɗe jakar Philibert, in ma yana da ita. Hasken zamaninsa wuta ce tsirara: kyandir, ko fitilar mai, 'yar'uwar aci-balbal ɗinmu. Ashana irin wadda muka sani, ta ƙyastawa, sai a 1826 wani Bature ɗan Ingila mai suna John Walker ya ƙirƙiro ta, shekara 33 bayan Philibert ya sauka. Ke nan in ɗigon ruwa daga rufi ya kashe masa wuta, ko ya yi tuntuɓe, sai dai ƙyastu da ƙanƙara, a cikin damshi, a cikin duhun da ko tafin hannunka ba ka gani. Duhun rami daban yake da na dare. Da dare ido yana sabawa saboda akwai ɗan hasken taurari. A can ƙasa babu abin da ido zai saba da shi, ko kwana nawa ka yi. Mutumin nan yana da makullin kowace ƙofa ta asibiti a ƙugunsa, amma haske ɗaya ya riƙe. Kuma ga dukkan alamu babu wanda ya san inda za a neme shi, shi ya sa aka yi shekara 11.

Darasi biyu suka fito daga kabarin nan, kuma har yau su ne kan gaba: kada haskenka ya zama ɗaya, kada tafiyarka ta zama sirrin da kai kaɗai ka sani. Ita ma hukuma ta koyi nata. Da aka fara barin baƙi su ziyarci ƙasusuwan a farkon ƙarni na 19, kowa da kyandirinsa a hannu, sai aka ja wani baƙin layi a jikin rufin hanyar, don wanda ya rabu da ayari ya ɗaga kai ya bi shi.

Mu tsallaka zuwa 1861, mu ga wanda ya yi akasin Philibert, wato wanda kaya suka yi masa yawa. Sunansa Félix Tournachon, amma duniya ta san shi da Nadar, shahararren mai ɗaukar hoto. Shi ne ya fara saukar da kyamara cikin ramin nan. Kyamarar lokacin akwati ce ta katako, hoton a kan gilashi ake ɗaukarsa, a jiƙa shi da sinadari a wurin. Haske kuwa na lantarki ya yi amfani da shi, daga batura irin na Bunsen, waɗanda tulunan ruwan asid ne masu nauyi da hayaƙi mai shaƙe mutum. Inda hanya ta matse baturan ba sa wucewa, sai a bar su a baya a ja waya. Hoto ɗaya yakan ci kusan minti 18 kyamara na buɗe. Wa zai tsaya minti 18 bai motsa ba? Sai Nadar ya samo gumakan tallan kaya ya sa musu tufafin ma'aikata, ya tsayar da su suna tura keken ƙasusuwa. In kun ga hotunan nan a intanet, leburorin da ke ciki ba mutane ba ne.

Nadar ya samu haske, amma sai da ayarin mutane da izinin hukuma. Tsakaninsa da Philibert matsalar ta fito fili: haske mai ƙarfi yana da nauyi, haske marar nauyi ba shi da amana. Duk tarihin da ya biyo baya neman tsakiya ne.

Tsakiyar ta zo daga wani abu da kuka sani sarai: kabaid. E, shi dai wannan farin dutsen mai wari da masu walda suke zubawa a tanki, wanda wasu 'yan kasuwa ke nuna ayaba da mangwaro da shi, abin da likitoci suke ta gargaɗi a kai. A 1892 wani ɗan Kanada mai suna Thomas Willson ya gano hanyar sarrafa shi da yawa da araha. In ruwa ya taɓa kabaid sai ya saki iskar gas mai kamawa da wuta, asetilin, mai farin haske. Kafin a jima aka ƙera fitila mai ɗaki biyu: ruwa a sama, kabaid a ƙasa, da ɗan kusa da ake murɗawa don daidaita ɗigon ruwan. Ka ƙara ɗigo wuta ta ƙaru, ka rage ta ragu. Masu haƙar ma'adinai da masu shiga kogo suka rungume ta hannu bibbiyu.

Me ya sa ta yi farin jini haka? Tana daɗewa awanni, haskenta yana bazuwa ko'ina ba wuri ɗaya ba, tana ɗumama hannu a cikin sanyi, kuma in ta toshe da siririyar waya ake gyara ta a tsugune. Man da take sha duwatsu ne da za ka ƙulle a gwangwani, ruwa kuwa ga shi nan a ƙasa. Amma tana da nata sharrin. Wuta ce tsirara, don haka inda gas mai fashewa ya taru, ita ce ajali. In ruwa ya shiga gwangwanin ajiyar kabaid a cikin jaka, ka goya bam ke nan. Sannan akwai wata yaudara: mutanen da suna kallon kyandir don gane iska, in ya fara mutuwa sun san iskar shaƙa ta ragu, su juya. Wutar kabaid kuwa tana ci gaba da ci a iskar da kyandir ya riga ya mutu, sai mai ita ya ɗauka lafiya lau. Duk da haka, har yau akwai tsofaffin hannu a ramukan Faris da ba sa rabuwa da ita.

Haske ya samu, saura sanin hanya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta mamaye Faris daga 1940 zuwa 1944. Jamusawa suka gina maɓoya a cikin ramin, a ƙarƙashin makarantar Lycée Montaigne. A ɗaya gefen kuma wasu matasan likitoci biyu na asibitin Sainte-Anne, René Suttel da Jean Talairach, suka riƙa sauka cikin dare daga 1943 suna auna hanyoyin suna zanawa, suka miƙa taswirar ga 'yan gwagwarmayar ƙwatar ƙasa. A watan Agustan 1944, Kanar Rol-Tanguy ya jagoranci boren 'yantar da birnin daga wata maɓoya da ke ƙarƙashin dandalin Denfert-Rochereau. Wurin yau gidan tarihi ne, kuma a ciki akwai wani keke da ake tukawa a tsaye don a samu iska da lantarki in wuta ta ɗauke. Shi kuwa Talairach daga baya ya zama babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne zana taswirar ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Daga nan taswirar takarda ta zama kaya na biyu bayan fitila. Masu shiga ramin suka riƙa kwafarta hannu da hannu, kowa ya ƙara abin da ya gani: nan an toshe, nan ruwa ya kai ƙugu, nan sai da rarrafe. Ana sa ta a leda saboda ruwa, a haɗa da kamfas. Kar ku ce ai yanzu akwai taswirar waya. A ƙarƙashin mita 20 na dutse babu sabis, tauraron ɗan Adam ma ba ya ganinka.

Ranar 2 ga Nuwamba 1955 hukuma ta fitar da dokar hana shiga ramukan ba da izini ba, kuma dokar tana aiki har gobe. Wanda aka kama tara ce. Akwai ma 'yan sanda na musamman da ke sintiri a ciki, wani jami'i mai suna Jean-Claude Saratte ya daɗe yana jagorantarsu tun shekarun 1980. Amma doka ba ta hana ba. A shekarun 1970 da 1980 ɗalibai da matasa suka mayar da wurin dandali, aka sa musu suna katafil, wato masoya Katakom. Wasunsu sun yi nisa sosai: a 2004 'yan sanda suka ci karo da cikakken gidan sinima a rami kusa da Trocadéro, da allo, da kujerun da aka sassaƙa a dutse, da lantarki, da layin tarho. Da suka dawo bayan kwana uku, an yanke wayoyin an kwashe kaya.

Waɗannan katafil ɗin su suka daidaita kayan jiki, kuma ramin ne ya zaɓa musu, ba ado ba. Wasu hanyoyin ruwa ne har gwiwa ko cinya, don haka dogon takalmin roba irin na masunta ya zama alamarsu, har ana gane su da shi a jirgin ƙasa. Rufin yana sauka ba sanarwa, don haka hular kwano. Akwai ƙananan ramuka da suke kira ƙofar kyanwa, inda sai ka kwanta ka ja ciki. Wannan ƙofar ita ke yanke girman jaka. Jakar da ta fi kafaɗunka faɗi ba za ta wuce ba, mai igiyoyi da aljihuna a waje kuma za ta sarƙe. Shi ya sa suka ari jakar masu shiga kogo: doguwa, siririya, ta roba mai kauri, sumul, wadda za ka cire ka tura gabanka ko ka ja ta a baya.

Yadda ake shirya cikinta ma ilimi ne. Mai nauyi, kamar ruwan sha, yana manne da baya. Busasshiyar riga tana cikin leda a ƙulle, domin a digiri 14 mutum yana tafiya yana gumi, amma da ya zauna da jiƙaƙƙen kaya sanyi zai fara cinsa. Abinci mai riƙe ciki marar nauyi, kuma fiye da na awannin da aka yi niyya. Ɗan kayan ɗaure rauni, da usur, don murya tana dishewa, usur ba ya dishewa. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce, abin da ranka ya dogara da shi ba ya zama a jaka kaɗai. Jaka tana faɗawa rijiya, tana maƙalewa a bayan ƙofar kyanwa. Don haka ƙaramar tocila tana rataye a wuya ko tana aljihun ƙirji, inda hannu zai same ta a cikin duhu ba lalube.

Mu koma kan haske mu rufe zancensa. Tocilar batir ta fito tun ƙarshen shekarun 1890, amma ta daɗe tana cin amana: ƙwai yana ƙonewa, batir yana shanyewa da wuri. A 1973 wani mai shiga kogo ɗan Faransa, Fernand Petzl, ya fito da fitilar da ake ɗaurawa a goshi, hannu biyu suka samu 'yanci. Sai a shekarun 1990 injiniyoyi a Japan, ciki har da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗin ƙwan LED mai haske, wanda daga gare shi aka samu fari. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farkon shekarun 2000 tocilar goshi mai LED ta cika kasuwa, ga haske, ga rashin nauyi, ga jimirin batir. Abin da Nadar ya buƙaci ayari ya ɗauka, yau yana shiga aljihun yaro.

Amma masu shiga kogo ba su sassauta tsohuwar ƙa'idarsu ba: haske uku ga kowane mutum, kowanne da batirinsa, kowanne zai iya fitar da kai shi kaɗai. Ba uku ga ayari ba, uku ga kowa. Waya kuma ba ta cikin lissafi, don ita ce kyamara, ita ce agogo, ita ce abin kiran taimako in an fito, kuma faɗuwa ɗaya a ruwa ta tafi da su duka. Akwai kuma lissafin da masu ninƙaya a kogon ruwa suke yi da iskar tulunsu, wanda ya dace da batir da ruwan sha: kashi ɗaya na shiga, kashi ɗaya na fita, kashi ɗaya ba a taɓa shi sai ta ɓaci.

Kar ku ɗauka zamani ya kashe labarin Philibert. A watan Yunin 2017 wasu samari biyu, ɗan shekara 16 da ɗan 17, suka ɓata a ramukan nan har kwana uku. Ma'aikatan kashe gobara ne suka gano su da taimakon karnuka, aka wuce da su asibiti sanyi ya ratsa su. Shekara 224 tsakaninsu da mai gadin Val-de-Grâce, rami ɗaya, kuskure kusan iri ɗaya. Bambancin shi ne su an san sun ɓata, an kuma san inda za a nema.

Wanda ke shiga kangon da ke sama, masana'anta ko tsohon asibiti, nasa abokan gabar daban ne, kayan ma sai su sauya. Ƙasa cike take da ƙusa da gilashi, don haka takalmi mai ƙarfe a tafinsa da safar hannu mai kauri. Iska cike take da ƙurar da ba a gani: kashin tantabaru da jemagu, da garin asbesto na tsofaffin silin da bututu. Asbesto ba ya sa tari a ranar, sai bayan shekara 20 ko 30 yake fitowa da cutar huhu da daji, shi ya sa Faransa ta haramta shi a 1997. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare shi, sai mai matata ta musamman, irin wadda ake rubuta wa P3. Shi ma wannan ƙura kawai yake tarewa. Ba ya ƙara iskar shaƙa inda babu, ba ya tare gubar gas ta rijiya da tankuna. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce oksijin, na'urorin ma'aikata kuma suna fara kuka in ta sauka ƙasa da 19.5. Wanda ba shi da wannan na'ura ba shi da abin yi a cikin tanki ko rijiya.

Akwai kuma haɗarin da babu jakar da ke maganinsa. Faris ba ita kaɗai ke da masu wannan sha'awa ba, a Mosko ta Rasha ma akwai masu bin magudanan ruwa na ƙarƙashin gari. A watan Agustan 2023 wani ayari ya shiga, aka tsuge da ruwan sama a waje, magudanar ta cika cikin ɗan lokaci, mutum 8 suka rasu har da jagoransu. Ruwan da ya ci su a sama ya sauka, inda ba sa gani. Duban hadari, sanin wurin, da iya cewa yau ba za a shiga ba, ba a sayar da su a kanti.

To, sitonmu. Ban gama ɗaukar injin ba wayar ta mutu, ashe goma sha ɗayan nan ƙarya ce, bidiyo da tocila sun haɗu sun shanye ta. Muka tsaya cik. Ƙofar da muka shigo ta minti biyar da suka wuce, wallahi muka rasa ta wane gefe take. Muka kama bango muna bi, ni a gaba, sai ji na yi wani abu ya huda silifas ya shige tafin ƙafata. Ihun da na yi ne ya cece mu, don wani dattijo mai gadin filin da ke maƙwabtaka ya ji, ya zo da tocilarsa ta ƙarfe mai batir uku. Da ya haska mu sai ya ce, "Samari, wa ya san kuna nan?" Muka ce, "Babu kowa, Baba." Bai yi faɗa ba. Ya haska gefen damanmu, taku kaɗan daga inda muke lalube, sai ga bakin wani rami na ƙarƙashin inji, cike da baƙin ruwa. Ya ce, "Ku biyo ni a hankali." Daren nan a kemis na ƙare, washegari aka yi min allurar tetanus a asibiti, na yi mako biyu ina ɗingishi.

Don haka ɗan'uwana mai neman jerin kaya, ga amsata. Kafin ka sayi komai, nemi izinin mai wurin, domin kango ma yana da mai shi, kuma a nan gida wanda aka gani yana tsallaka katanga da jaka a baya ba tara za a ci shi ba, ɓarawo za a kira shi, kun kuma san abin da ke biyo bayan wannan kiran. In an ba ka izini, ku tafi aƙalla ku uku, da rana, ba da damina ba in wurin na ƙasa ne. Ka gaya wa wani babba a gida inda za ku da lokacin da in ba ku dawo ba a fara nema. Sannan ka zo mu yi maganar tocila uku da takalmi.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya ji daɗin shirin ya tura wa abokin nan nasa mai son shiga ko'ina da waya a hannu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mu baki ɗaya.